Wasiƙar Kirsimeti ta Gidan Hautala

Reino Hautala ya ƙare ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a kan motar share ƙanƙara ta ƙaramar hukuma. Mahaifinsa ma'aikacin ramin tama ne, kuma ramin ne ya ci huhunsa, shi ya sa tun Reino yana yaro ya rantse ba zai ci abinci a ƙarƙashin ƙasa ba. Ya gama sakandare da ƙyar, ya yi aikin yankan katako na ɗan lokaci, sannan ya samu motar. Mutum ne dogo, mai ƙananan idanu da manyan hannuwa, kuma ba ya son magana. Duk abin da hannunsa ya taɓa rubutawa bai wuce rahoton aiki ba: hanya kaza an share, gishirin narkar da ƙanƙara ya ƙare, an buge akwatin wasiƙar wani.

Magana da rubutu da mutane duk aikin matarsa ne, Marlys. Kafin aure ta yi aiki a ofishin haɗa waya a birnin Duluth, ta fito daga can da ƙawaye da yawa da kuma ɗabi'ar riƙe mutane. Ita ta san ranar haihuwar kowa, ita ta san wa aka yi wa aikin gwiwa, wa ya koma Florida don gudun sanyi. Reino bai taɓa jin ba shi da mutane ba, domin kullum gidan da murya a cikinsa. Bai lura cewa mutanen ba nasa ba ne.

Kowace shekara, da an gama farautar barewa, Marlys takan zauna a teburin kicin ta buga wasiƙar Kirsimeti a koriyar takarda. Shafi ɗaya, labarin gidan na shekara, a kwafa a cusa cikin katin gaisuwa a aika wa dangi da ƙawaye. Kowane gida yana yin irinta, amma Marlys ta iya. Shekarar da aka kori ɗansu Curtis daga aiki, ta rubuta cewa Curtis yana duba sababbin hanyoyi. Shekarar da Reino ya riƙe kwalba har aka dakatar da shi, ta rubuta cewa bana sun samu Reino a gida sosai. Aikinsa a cikin lamarin shi ne lasar kan sarki da kai wa gidan waya.

Sai mantuwa ta kama ta. Ta fara ajiye wa mahaifiyarta faranti a tebur, matar da aka binne tun Curtis yana firamare. Wasiƙar ƙarshe da ta buga, labarin bara ta maimaita, har da tumatirin bara. Reino ya gani, ya kai gidan waya a haka. Da ta fara fita cikin ƙanƙara da silifas tana neman motar zuwa ofis, likita ya ce zaman gida ya ƙare. Aka kai ta gidan kula da tsofaffi da ke bakin tafki. Kullum da hantsi yana zuwa ya zauna kusa da ita. Wata rana ta karɓe shi kamar baƙo mai kirki, wata rana kamar wanda ya zo karanta mita. Ban da shi ba mai zuwa. Curtis yana Arizona, yana kira ranar Lahadi, hirarsu ba ta wuce yanayin gari da farashin mai.

Disambar farko bai aika komai ba. Katuna suka zo da yawa, duk da sunanta a gaba, da tambayoyi a ƙasa da rubutun hannu. Marlys, shiru bana? Marlys, kin samu irin waken da na aiko? Ya tara su a kan firji. Disamba ta biyu abin da ya zo bai kai rabi ba. Haka al'adar take, kuma ba mugunta ba ce: ka aika a aiko maka. Shekara ɗaya a yi maka uzuri, ta biyu a fara tunanin ko ka mutu ko ka yi fushi, ta uku a soke sunanka. Reino ba mai zurfin tunani ba ne, amma wannan lissafin bai fi ƙarfinsa ba. Idan bana ma ya yi shiru, mutanen Marlys sun tafi ke nan, kuma ba wanda ya san inda take balle ya zo.

Ya gwada rubutawa da bazara. Ya zauna a kujerarta, ya rubuta "Jama'a", ya tsaya. Matar da ke kula da laburare ce ta gaya masa cewa kwalejin gari tana barin tsofaffi su zauna a aji su saurara, ba jarrabawa ba sakamako. Ya je ofishin ya ce yana son koyon rubuta wasiƙa. Yarinyar da ke wurin ta duba allon kwamfutarta, ta sa shi a ajin rubutu na 'yan shekarar farko, Talata da Alhamis da yamma.

Ajin cike yake da yara masu hular ƙwallo da waya a hannu. Malamar, Gretchen Vollmer, ba ta kai Curtis shekaru ba. Kwaleji biyu take koyarwa, tana gudu tsakaninsu a wata ƙaramar mota, kullum da kofin kofi da ya huce. Ta ce kowa ya kira ta Gretchen. Reino ya ci gaba da ce mata Malama har aka gama.

Ya zauna a baya. Wata mace mai ƙiba ta shigo a makare, da rigar aiki a ƙarƙashin kwat, ta zube a kujerar da ke kusa da shi. Ya san fuskar. Rhonda Pelkie ce, tana cikin masu kula da tsofaffi a gidan da Marlys take, ta dawo karatu da shekara arba'in da ɗoriya don ta samu takardar aikin jinya.

"A'a, mijin Marlys!" in ji ta. "Me ya kawo ka nan, dattijo? Ko ka ɓace hanyar asibiti?"

"Karatu," ya ce.

"To, Allah ya taimake mu ni da kai. Kada ka damu, abin da na gani a wurin aiki a can nake barinsa. Kana da biro biyu?"

Aikin farko da malama ta bayar shi ne kowa ya ɗauki abu ɗaya da ya faru da shi, ya rubuta shi sau uku: kamar rahoton ɗan sanda, kamar labarin jarida, da kamar saƙo ga aboki. Ta ce kowane irin rubutu yana da abin da mai karatu ya saba gani a cikinsa, kuma kafin ka ɗora biro ka tambayi kanka abu uku: wa kake rubuta wa, me ya riga ya sani, me kake so ya yi. Reino ya rubuta ranar da motarsa ta zame ta faɗa rami. Ranar Alhamis aka ce kowa ya yi musayar takarda da na kusa da shi, a duba wa juna.

Rhonda ta karanta nasa, ta juya takardar, ta sake juyawa.

"Wanne ne na abokin?"

"Na ukun."

"Wannan? Abokin naka sufeton 'yan sanda ne? Duka ukun iri ɗaya ne, dattijo. Ka ji tsoro da motar ta kife?"

"Na ji."

"To ina yake a nan?"

"Ba a tambaye ni ba."

Ta yi dariya har malama ta ɗago kai. Nata rubutun kuwa duka ukun saƙon aboki ne, har rahoton ɗan sandan sai da ta zagi tsohon mijinta a ciki. Reino ya ja layi a ƙarƙashin zagin, ya rubuta a gefe cewa ɗan sanda ba zai faɗi haka ba.

"Ba ka san shi ba ne," in ji ta. "Da ka san shi, da ɗan sandan ya ƙara."

Haka kaka ta wuce. Sun yi takardar neman aiki, sun yi wasiƙar ƙorafi, sun yi sharhin jarida. Reino bai zama gwani ba. Amma abu ɗaya ya shige shi, domin ya yi daidai da halinsa: ashe rubutu yana da ƙa'ida, kamar hanya. Da ya ɗauka baiwa ce da ake haifar wasu da ita, irin su Marlys. Idan ƙa'ida ce, zai iya bi. Yakan dawo gida da yamma ya ɗumama miyar gwangwani, ya ci a tsaye, ya yi aikin gida a teburin kicin da rediyo a kashe. Gidan shiru ne, sai ƙarar firji. Talata da Alhamis su ne ranakun da yake jin wani ya kira sunansa.

A farkon Nuwamba malama ta bayar da aikin ƙarshe. Kowa ya zaɓi irin rubutun da ake yi a rayuwarsa, ya tara misalai, ya fitar da ƙa'idojinsa, ya rubuta nasa, sannan ya yi bayanin dalilin kowane zaɓi da ya yi. Yaran suka zaɓi rahoton wasan ƙwallo da tallan sayar da mota. Rhonda ta zaɓi bayanin miƙa aiki da masu jinya ke bar wa juna. Reino ya ɗauko gwangwanin biskit ɗin da Marlys take ajiye kwafin wasiƙunta, ya baje su a tebur, ya karanta su duka a karo na farko a rayuwarsa.

Ƙa'idojin ba su yi wuyar gani ba. A fara da yanayin gari. A ce "mu", ba a cewa "ni". A yi maganar lambu da barewa da Curtis. A tsokani maigida sau ɗaya. Ba a kawo faɗa, ba a kawo ciwon da ba ya warkewa. Mutuwa sai ta tsofaffin da suka huta. Kada a wuce shafi. A rufe da fatan alheri, a sa sunan mace kafin na miji.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake bin hanyoyinsa. Abin mamaki, wasiƙar ta fito. Ƙanƙara ta zo da wuri bana. Tumatirinmu ya yi kyau duk da barewa sun ci rabonsu. Reino ya koma makaranta da tsufansa, muna jira mu ga ko za su koya masa magana. Curtis yana lafiya a Arizona. Muna yi muku fatan alheri, Marlys da Reino. Da ya karanta, sai ya ji kamar tana tsaye a bayansa. Ya daɗe bai ji daɗin wani abu haka ba.

Malama ta ji daɗinta ita ma. Ba ta san komai game da Marlys ba. Ta nemi izininsa ta karanta wa aji, ta ce ga misalin wanda ya gane ƙa'idar irin rubutunsa har ya iya ɗaukar muryar wani. Yaran suka yi dariya a wurin koya masa magana. Malama ta ce ya gaishe da matarsa, da alama mace ce mai ban dariya. Reino ya ce za ta ji.

Rhonda ba ta yi dariya ba. Da aka yi musayar takarda ta riƙe tasa ba ta rubuta komai a gefe ba. Sai da aka tashi ta bi shi har wurin ajiye motoci.

"Dattijo, tsaya. Wannan ta aji ce kawai, ko aikawa za ka yi?"

"Aikawa."

"Ni na yi wa Marlys wanka yau da safe. Ba ta shuka tumatir ba."

"Ni na shuka."

"Ba ta tsokane ka ba, ba ta yi wa kowa fatan alheri ba. Yau ko cokali sai da na riƙe mata."

"Haka ake rubuta ta," ya ce. "Ke ma kin ji malama. Ba a sa irin wannan a ciki. Ita da kanta ba ta taɓa sawa ba."

"Na sani, uwata ma tana yin irinta, ƙarya tsagwaronta a jar takarda. Amma ita uwata tana nan, in an kira ta za ta ɗauka. Kai in suka karanta wannan me za su yi? Su ce madalla, Marlys tana lafiya, su aiko mata da kati su tambaye ta irin tumatir. Baɗi kuma ka sake zama Marlys. Har yaushe?"

"Ba ruwanki."

"Gaskiya ne, ba ruwana. Ni dai na san littafin baƙi na ɗakinta, suna ɗaya ne a ciki daga sama har ƙasa, kuma rubutun ba kyau."

Ya shiga mota ya rufe ƙofa. Ranar Alhamis bai je aji ba. Ya je wurin Marlys da hantsi kamar kullum, ya kauce wa Rhonda a baranda. Ya tarar an zaunar da ita a bakin taga, an tsefe mata gashi. Ya zaro wasiƙar daga aljihu ya karanta mata. Ta saurara da ladabi har ƙarshe.

"Mutanen kirki ne," ta ce. "Ka san su?"

Ranar Talata ya je da wuri, ya nemi ofishin malama. Ɗaki ne da malamai da yawa suke rabawa, ya same ta tana cin burodi a kan tarin takardu. Ya tsaya da hularsa a hannu ya gaya mata inda Marlys take, cikin jimla biyu. Ta ajiye burodin. Fuskarta ta yi ja.

"Ni kuma na ce ka gaishe ta. A gaban aji. Ka yi haƙuri."

"Ba ki sani ba. Tambaya na zo yi, Malama. In ƙa'idar abu ba ta bar wurin gaskiya ba, ya ake yi?"

Ta ture takardun gefe.

"Ban san amsar duka ba. Amma bari in tambaye ka abin da nake tambayar kowa. In sun gama karantawa, me kake so su yi?"

Ya buɗe baki zai ce su ci gaba da aiko da kati, sai ya ga ba shi ba ne. Katin me zai yi wa Marlys? Ko karanta shi ba ta iyawa.

"Su zo su gan ta," ya ce.

"Wadda ka rubuta za ta kawo su?"

"A'a."

"To. Ba sai ka zubar da ƙa'idojin duka ba. Su suka sa mutum zai gane wasiƙar gidanku ce tun kafin ya karanta. Ka riƙe waɗanda za su yi maka aiki. Wadda za ka karya, ka karya ta da saninka, a wuri ɗaya. In sauran suna nan yadda aka saba, wurin da ka karya shi zai fi tsaya musu." Ta kalli agogo. "Kuma ka rubuta min dalili, yana cikin aikin."

Ya kwana uku yana fama. Wannan ba ta zo da sauƙi kamar ta farko ba, domin ba muryar da zai ara. Ya riƙe koriyar takarda, ya riƙe shafi ɗaya, ya fara da yanayin gari. Ga abin da ya kai aji:

"Ƙanƙara ta zo da wuri bana. Barewa sun ci tumatir, na bar musu. Reino ne yake rubuta wannan, shi ya sa za ku ga ba ta yi daɗi ba. Ku yi haƙuri da na dame ku da abin da zan faɗa. Marlys tana da ciwon mantuwa. Ba ta gida, tana gidan kula da tsofaffi na bakin tafki tun shekarar da kuka daina jin ta. Ba fushi ta yi da kowa ba. Ba za ta warke ba. Tana cin abinci, ba ta jin ciwo, ana kula da ita. Abubuwan da ba ta manta ba na da ne, kuma ku ne kuka san na da. Curtis yana lafiya a Arizona. Na koma makaranta, ba su koya min magana ba tukuna. In wani zai iya zuwa, da safe ta fi ganewa. Akwai ɗaki a gidana ga mai son kwana. Ina yi muku fatan alheri."

Ya miƙa wa Rhonda ba tare da ya kalle ta ba. Ba su yi magana ba tun ranar wurin motoci. Ta karanta, ta ja hanci, ta cire murfin biro da haƙori.

"Wannan 'ku yi haƙuri da na dame ku' ɗin, cire shi. Bashi ka ci musu? Matarka ce ba lafiya."

"Ladabi ne."

"Ladabin ne zai ba su hanyar zamewa. Cire. Kuma maganar zuwa ka binne ta a ƙasa, bayan Curtis da makaranta. Tsofaffi ne, kafin su kai can sun fara kuka sun ajiye takardar. Ɗago ta sama. Ka sa lambar waya, manya-manya. Ka ce tana son burodi mai kanumfari, mutum ya fi son zuwa in ya san abin da zai riƙo."

"Mai citta take so."

"To ka sani ashe. Rubuta."

Ya gyara. A shafin bayanin dalili ya rubuta layi kaɗan: ya bar takarda da yanayin gari don su gane ta, ya ce "ni" don shi kaɗai ne, ya faɗi ciwon don yana so su zo. Malama ta rubuta a ƙasa cewa bayanin ya yi gajere amma ba abin da ya rage. Mai sauraro ba shi da maki. A ranar ƙarshe aka kawo biskit, yaran suka watse, Rhonda ta buga masa kafaɗa ta ce sai sun haɗu a baranda. Bayan sabuwar shekara aka mayar da ita aikin yamma saboda karatunta, bai ƙara ganinta sosai ba.

Ya aika wa duk wanda ke cikin littafin adireshin Marlys, har da waɗanda suka riga suka daina aikowa. Wasu ambulan suka dawo, mai su ya tashi ko ya mutu. Sannan amsoshi suka fara zuwa, kuma yawancinsu katin ta'aziyya ne, masu farin fure da kurciya. Ba laifinsu ba ne sosai. A shago akwai katin Kirsimeti, akwai na Allah ya ba da lafiya, akwai na ta'aziyya, kuma ya riga ya gaya musu ba za ta warke ba. Sun ɗauki wanda ya fi kusa. Wata ta rubuta cewa za ta riƙa tuna Marlys yadda ta san ta. Reino ya gane ma'anar: ba za ta zo ba. Curtis ya kira ba ranar Lahadi ba, ya ce wata gwaggonsa ta kira shi tana kuka, me ya sa Baba zai baza lamarin Mama a takarda. Reino ya ce ya riga ya baza. Suka koma maganar yanayin gari.

Kirsimeti ta wuce ba wanda ya zo. Ya ci abincin rana a gidan tsofaffin, da hular takarda ta biki a kansa, Marlys tana barci a kujera.

A tsakiyar Janairu waya ta yi ƙara yana wanke kwano.

"Reino Hautala? Ardis ce, Ardis Nyquist. Ka tuna ni, ni ce na riƙe mata fure ranar aurenku. Kai wane irin sakarai ne? Shekara nawa matar nan tana kwance, ni ina nan ina cewa ta yi fushi da ni saboda maganar da na yi a kan Curtis!"

"Ban iya rubutu ba ne."

"Waya fa? Ita ma ba ka iya ba? Bari dai. An yi min aikin ido, sai jiya na iya karanta takardarka. Ina zuwa ranar Alhamis. Ba na son ɗakinka, na san yadda gidan namiji shi kaɗai yake. Ka jira ni a ƙofar wurin."

Ta zo da kanta daga Duluth, a tsohuwar mota, ƙaramar tsohuwa da sanda da burodi a nannaɗe cikin tawul. A hanya zuwa ɗakin Reino ya gargaɗe ta kada ta sa rai, wataƙila ba za ta gane ta ba. Ardis ta ce ya yi mata shiru. Ta cire kwat ta miƙa masa, ta shiga gaba, ta tsaya a gaban kujerar, ta ɗaga murya irin ta ofishin waya.

"Lamba nawa kike nema, 'yar'uwa?"

Marlys ta ɗago. Ta daɗe tana kallonta. Sai fuskarta ta buɗe.

"Ardis! Kin makara. Shugaba ta tambaye ki sau biyu."

"Ta tambaya mana, mayya. Me kika ce mata?"

"Na ce kina banɗaki."

Suka fashe da dariya su biyu. Ardis ta ja kujera, ta gutsura mata burodi, suka shiga hirar mutanen da rabinsu suna kabari: wadda take sauraron wayar likita, saurayin da yake kira kullum don ya ji muryar Ardis. Marlys tana kawo sunaye da Reino bai taɓa ji ba. Rabon da ya ji ta haɗa jimla uku a jere har ya manta. Yana tsaye a bakin ƙofa da kwat a hannu.

Can Marlys ta hango shi. Ta sunkuyo wurin Ardis, ta rage murya, amma ya ji.

"Wancan mutumin tare kuke?"

"Mijinki ne, Marlys. Reino."

Marlys ta kalle shi da kyau, ba tsoro ba ƙiyayya.

"Ki ce masa ya ɗan jira a waje. Hira muke yi."

Ardis ta juyo za ta yi magana, ya girgiza mata kai. Ya fita ya ja ƙofar, bai rufe ta duka ba. Akwai benci a barandar, daura da ɗakin. Ya zauna. Abin da ya roƙa a wasiƙar ke nan, kuma shi aka ba shi. Ta cikin ƙofar yana jin Ardis tana cewa in hanya ta yi kyau za ta dawo da Lois, wata ƙawarsu ta da, Marlys tana tambaya ko Lois ta rabu da wannan sojan. Wata ma'aikaciya ta wuce da keken magani, ta tambaye shi ko yana bukatar wani abu. Ya ce a'a. Ya gyara kwat ɗin Ardis a kan cinyarsa don kada ya taɓa ƙasa, ya ci gaba da zama har aka buga ƙararrawar abincin rana.